Nazarin Lamari: Auna Buƙatu da Haɗari ga Wani Direba da Ya Kuɓuta Daga Hannun Masu Garkuwa

Wannan nazari ya shafi wani magidanci ɗan shekara 34, mazaunin Rigasa a Kaduna, mai mata ɗaya da 'ya'ya uku, wanda danginsa suka kai shi wata cibiyar lafiya ta matakin farko bayan ya kwana riƙe da adda a bayan ƙofar ɗakinsa. An cire sunaye, an kuma sauya wasu bayanai yadda ba za a gane shi ko iyalinsa ba, domin abin da ake so mai karatu ya lura da shi shi ne yadda aka gudanar da binciken, da dalilin da ya sa shawarar da aka yanke ta sha bamban da abin da dangin suka zo nema.

Mutumin direban haya ne da ya daɗe yana jigilar fasinja da hatsi tsakanin Kaduna da Birnin Gwari, hanyar da kowa a jihar ya san irin ta'asar da 'yan bindiga suka daɗe suna yi a kanta. Kimanin wata bakwai kafin a kawo shi asibiti aka tare motarsa, aka kora shi daji tare da fasinjojinsa, ya yi makonni a hannun mutanen, kuma a gaban idonsa suka harbe yaron motarsa. Kafin a haɗa kuɗin fansa sai da aka sayar da filin da mahaifiyarsa ta gada, yayansa kuma ya ciwo bashi a wurin wani ɗan kasuwa. Da ya dawo an yi sadaka, 'yan uwa da maƙwabta sun yi ta zuwa jaje da barka da arziki, daga nan kowa ya koma harkarsa. Motar ba ta dawo ba, don haka ya karɓi Keke Napep na wani yana ja, yana kai balas kullum da yamma.

Abin da ya tayar da hankalin gidan ya faru ne da tsakar dare, lokacin da wasu samari suka shigo layin a kan babura daga wurin biki suna ta ba su wuta. Ya zabura daga kwance, ya kashe fitila, ya danna sakata, ya ɗauko adda, kuma da matarsa ta nufi ƙofa don ta fita da ƙaramin yaron da ke kuka sai ya ture ta, ta faɗi ta gurɗe hannu. Bai bar bakin ƙofar ba sai da aka kira sallar asuba. Washegari ra'ayin gidan ya rabu, kawunsa ya dage cewa iskokin daji ya kwaso kuma gidan mari ne maganinsa, yayansa kuwa ya ce a fara gwada asibiti. Maganar da yayan ya shiga ɗakin duba marasa lafiya da ita ke nan: "Sista, so muke a faɗa mana gaskiya, zai iya sarar wani? In zai iya, a yi masa allurar da za ta kwantar da shi, ko a ba mu takarda mu kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa su riƙe shi."

Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe su ta samu horo a kan tsarin mhGAP, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 domin ma'aikatan da ba ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ba ne su iya gane manyan cututtukan ƙwaƙwalwa su kuma fara kula da su. A Najeriya, inda likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200, irin wannan ma'aikaciya ce mafi yawan marasa lafiya za su fara gani, wasu ma ita kaɗai za su gani. Ta fara da jiki: zafin jiki, hawan jini, sukari, gwajin zazzaɓin cizon sauro, da tambaya a kan dukan da aka yi masa da gindin bindiga a kai, saboda ruɗewar da zazzaɓi ko rauni a kai ke jawowa tana iya kama da taɓin hankali alhali maganinsu daban. Ya san ranar, ya san inda yake, ya san waɗanda suka kawo shi. Abin da ta gani shi ne rama, da ja a idanu, da ɗan karkarwa a hannu.

Daga nan ta roƙi yayan da kawun su jira a waje. Wannan mataki ƙarami ne a ido, amma a ganina a kansa sauran binciken ya dogara, domin a tarbiyyarmu idan yaya yana magana ƙane sunkuyar da kai yake yi, kuma tun shigowarsu maras lafiyar bai furta komai ba ban da amsa gaisuwa. Da aka bar su su biyu, ƙofa a buɗe kaɗan, sai bayani ya fara fitowa a hankali. Tun dawowarsa ba ya samun barcin da ya wuce na awa biyu ko uku, kuma da ya runtsa sai ya ga yaron motarsa. Ƙarar babura da yawa a lokaci guda takan mayar da shi daji, har ya ji ƙaurin hayaƙin sansanin. Ba ya ɗaukar fasinjan da zai nufi wajen Mando, inda ake kama hanyar Birnin Gwari, ko da kuwa zai rasa balas ɗin ranar. Ta tambaye shi ko yana jin muryoyi suna ba shi umarni, ko yana zargin matarsa ko wani a gidan da ƙulla masa sharri, ya ce a'a, ya kuma ƙara da cewa tun da gari ya waye ya gane 'yan biki ne, kuma kunyar abin da ya yi wa matarsa ce ta hana shi kallon idonta. Wannan bambanci yana da muhimmanci. Wanda ke fama da ruɗin tunani yakan ci gaba da yarda da abin da ya gani ko ya ji, shi kuwa wannan mutum firgici ne ke kama shi ya sake shi, irin wanda ke biyo bayan mummunan tashin hankali, ga kuma alamun ciwon damuwa mai tsanani a kai.

Da aka zo batun ƙwaya bai ɓoye ba. Yana shan taramol da safe don ya iya fita aiki, da dare kuma ya sha ƙwayar barci ta diazepam da yake saye a wani kemis ba tare da takardar likita ba. Binciken da aka gudanar a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda, kuma taramol na cikin waɗanda suka fi yawa, saboda haka ba abin mamaki ba ne a same ta a aljihun mai aikin ƙarfi. Abin da ma'aikaciyar ta rubuta shi ne cewa bai taɓa sha ba kafin a sace shi.

Ta yi amfani da takardar tambayoyi ta PHQ-9, mai tambaya tara, kowace da maki daga 0 zuwa 3, jimilla 27, inda maki 20 zuwa sama ke nuna damuwa mai tsanani. Ya samu 22. A tambaya ta tara, wadda ta shafi tunanin mutuwa, ya amsa da cewa wani lokaci, sannan ya yi sauri ya ce Allah ya kiyaye. Ba ta wuce wurin ba. Ta ajiye biro ta ce masa: "Malam, mutanen da suka ga irin abin da ka gani, wasunsu sukan ji gara ma su mutu su huta. Kai ka taɓa tunanin ka kashe kanka?" Ya yi shiru mai tsawo yana murza hularsa a hannu, sannan ya ce: "Sista, in ba don tsoron haɗuwata da Allah ba, da tuni an wuce wurin." Ta ci gaba da tambaya ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, ba wa'azi: ko ya tsara yadda zai yi, ko abin da zai yi da shi yana hannunsa, ko ya taɓa gwadawa. A nan ne ta ji cewa makonni biyu da suka wuce ya sayi kwalbar fiya-fiya ya ce wa matarsa don sauro ne, ya ajiye ta cikin akwatin sifanun keken, kuma akwai daren da ya fito da ita ya zauna da ita a tsakar gida, sai 'yarsa ta farka tana neman ruwa, ya mayar. Ya biya ƙananan basussukan da mai shayi da mai faci ke binsa, ya kuma roƙi yayansa ya kula da karatun Islamiyyar yaran ko da ta Allah ta kasance, maganar da yayan ya ɗauka a matsayin irin wadda kowa ke yi. Ya rufe da cewa: "Saboda ni Inna ta rasa filinta, saboda ni Yaya yake ɓuyar mai bashi. Da an bar ni a dajin nan, da kowa ya huta."

Akwai ma'aikatan lafiya da yawa da ke gudun wannan tambaya don tsoron kada su cusa wa maras lafiya tunanin da ba shi da shi, alhali bincike ya daɗe da nuna cewa yin tambayar ba ya ƙara haɗarin, sau da yawa ma sauƙi mutum ke ji idan ya samu wanda zai saurare shi. A nan Arewa akwai ƙarin dalilai biyu da ke sa a ɓoye. Na farko, Musulmi ya san hanin da ke cikin aya ta 29 ta Suratun Nisa'i, don haka furta tunanin kansa yakan zame masa kamar amsa laifin raunin imani. Na biyu, sashe na 231 na kundin Penal Code na Arewa ya mayar da yunƙurin kashe kai laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara guda, wanda hakan ke sa iyalai su ce kuskure ne aka sha guba. Tsoron Allah da mutumin ya ambata garkuwa ce ta gaske kuma an rubuta ta a fayil a matsayin abin da ke riƙe da shi, amma kuskure ne babba ma'aikaci ya ji wannan kalma ya saki jiki, tun da mai maganar ya riga ya sayi guba ya kuma fara sallamar mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke kashe kansu a duniya duk shekara, kuma kusan kashi 20 cikin 100 da maganin ƙwari ne, wanda shi ya sa a 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben irin wannan magani a kasuwanni da kantuna. Ƙuncin da ke kai mutum ga aikatawa yakan zo ya wuce cikin ɗan lokaci, kuma idan abin ba ya kusa a wannan lokaci, yawanci mutum yakan kai gobe.

Ba a yi watsi da tambayar yayan ba. An gana da matar ita kaɗai, an duba hannunta, an tambaye ta ko ya taɓa dukanta ko yaran, ko tana jin tsoron kwana ɗaki ɗaya da shi. Ta ce a shekara tara na aurensu baban yaran bai taɓa ɗaga mata hannu ba, kuma a daren ma ƙofar yake karewa, yana ta cewa kada a buɗe, sun zo. Hukuncin da aka rubuta shi ne cewa ba shi da niyyar cutar da kowa, amma yana iya yi wa wani rauni a cikin firgici idan makami na kusa, don haka adda da duk wani abu mai kaifi da ba na girki ba su bar gidan, kuma idan abin ya motsa matar ta ja yaran gefe ta kira yayan, kada ta tsaya tsakaninsa da ƙofa. Haɗarin da ya fi wannan girma ga sauran jama'a babu wanda ya ambace shi a cikin dangin: mutum ne da ba ya barci, yana haɗa taramol da ƙwayar barci, yana kuma ɗaukar mata da 'yan makaranta a keke cikin cunkoson Rigasa, ga shi taramol tana iya jawo farfaɗiya ba tare da gargaɗi ba.

Sai haɗarin da ke fuskantarsa daga wasu, wato shawarar kawun. Mutanen Rigasa ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan, domin a unguwar ne a watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fitar da mutum sama da 300, manya da yara, daga wani gidan horo, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a jiki. Mutumin da ya yi makonni a ɗaure a daji, sake ɗaure shi zai dawo masa da abin da ake ƙoƙarin raba shi da shi ne kawai. An kuma sanar da dangin cewa sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sanar da sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari a kanta a farkon 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙin maras lafiya na a kula da shi cikin mutunci. Ba a hana su ruƙiyya da addu'a ba, sharaɗin kawai shi ne babu duka, babu ɗauri, babu dakatar da magani.

Ma'aikaciyar ba ta rubuta cewa haɗarinsa "babba" ne ko "matsakaici" ta rufe fayil ba, kuma ina ganin ta yi daidai, domin irin wannan laƙabi ba ya gaya wa wanda zai karɓi maras lafiyar gobe abin da zai yi. Ko a Ingila, hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya, ta ba da shawara a 2022 cewa a daina dogaro da ma'aunin maki wajen hasashen wanda zai kashe kansa, a mayar da hankali ga buƙatun mutum da yanayin da ke tayar masa da tunanin. Abin da ta rubuta jimloli ne a sarari: tunanin yakan tsananta da tsakar dare idan ya kasa barci, da ranar da ya kasa cika balas, da duk lokacin da aka ambaci bashin a gabansa, abin da ke riƙe da shi shi ne imaninsa da 'yarsa ta fari, abin da yake buƙata shi ne barci, da hanyar barin ƙwaya ba tare da jiki ya wahala ba, da sana'ar da ba tuƙi ba, da kuɗin mota zuwa asibiti, da wani babba da zai sauke masa nauyin da yake ganin ya ɗora wa gidansu. Ta nemi izininsa kafin ta gaya wa yayan batun gubar, ta bayyana masa cewa ba za ta iya riƙe wannan sirri ita kaɗai ba alhali ransa na cikin haɗari, ya yarda bisa sharaɗin kada kawun ya ji. Yayan ya aika aka ɗauko kwalbar tun suna asibitin, kuma a ranar aka tura su Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa da takardar bayani.

A can likita ya ba shi shawarar a kwantar da shi, ya ƙi, yana cewa idan unguwa ta ji an riƙe shi a Barnawa babu mai ƙara ba shi amanar keke ko kaya. Wannan wuri ne da ƙwararru biyu za su iya saɓawa kuma kowa da hujjarsa. Mutumin da ya tanadi guba ya cancanci gado, kuma doka ta ba da damar kwantar da shi ko bai so ba idan haɗarin ya kai. Likitan ya auna cewa gubar ta bar hannunsa, hankalinsa na tare da shi, shi da kansa ya fallasa shirin, kuma akwai yayan da ya ɗauki alkawarin kwana a gidan, sai ya amince da jinya a gida bisa sharuɗɗa: kada a bar shi shi kaɗai da dare, ya ajiye tuƙi, magani ya zauna a hannun yayan kuma na mako ɗaya kawai za a riƙa bayarwa, sannan ya dawo bayan mako. Da babu yayan, ni da na goyi bayan a kwantar da shi. Wajen zaɓen maganin ciwon damuwa an kauce wa amitriptyline duk da arharsa, saboda yawansa a jiki yana iya tsayar da zuciya, aka zaɓi fluoxetine, aka kuma jinkirta fara shi har sai da aka janye taramol, domin haɗa su biyun yana da illa. Diazepam kuwa a hankali aka riƙa rage ta, tun da yanke ta lokaci guda yana iya jawo jijjiga. An gargaɗi dangin cewa maganin yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, kuma ƙarfin jiki yakan riga walwalar zuciya dawowa, saboda haka makonnin farko su ne na sa ido sosai.

Batun filin sai da aka zauna da mahaifiyar, wadda ba ta taɓa sanin abin yana cin ɗanta ba saboda kowa a gidan yana kauce wa zancen don kada a tayar masa da hankali. A gaban yayan da ma'aikaciyar jinyar ta ce masa: "Ni na ce a sayar, babu wanda ya tilasta ni, kuma da za a sake, da na sake sayarwa. Kada in ƙara jin ka ce bashi ne a kanka." Bai amsa ba, amma daga baya ya gaya wa likita cewa a daren ya yi barci har asuba.

A mako na uku al'amura sun koma baya. Mai bashin ya zo ƙofar gida ya ɗaga murya, kuma a daren matar ta same shi zaune a tsakar gida cikin duhu. Ta bi abin da aka tsara mata, ta tashi yayan, da safe suka koma asibiti aka sake yin tambayoyin tun daga farko kamar ba a taɓa yi ba. Tunanin ya dawo amma babu sabon shiri, don haka aka ci gaba da jinya a gida, aka matso da ranakun ganin likita, aka kuma shigar da mai unguwa ya sasanta a raba biyan bashin kashi-kashi. A wannan zama ne aka yi wa matar ma tambayoyin PHQ-9, domin ita ke soya awara tana ciyar da gidan kuma ita ke kwana ido biyu, aka samu tana da alamun damuwa matsakaiciya, aka buɗe mata nata katin.

Bayan wata uku makinsa ya sauko zuwa 11, ya bar taramol, yana tsare wa wani ɗan uwansu shagon hatsi, kuma tunanin kashe kai bai dawo da shiri ba. Mafarkin yaron motar bai daina zuwa ba, kuma har yanzu yana jiran a haɗa shi da masanin halayyar ɗan Adam da zai yi masa jinyar firgicin ta hanyar tattaunawa, wadda ita ce ainihin maganin wannan ɓangare. Ya taɓa tsallake ranar asibiti saboda rashin kuɗin mota daga Rigasa zuwa Barnawa, abin da ya sa aka mayar da karɓar maganinsa cibiyar da ke kusa da gida, Barnawa kuma sai wata-wata. Ba a ba shi izinin komawa tuƙi ba tukuna. Kaso mafi girma na bashin zai cika ne bayan kaka, kuma an rubuta a fayil cewa makonni biyu kafin wa'adin za a kira shi tare da yayansa a sake auna komai.